Filin Likitan Ƙashi: Ƙarfe mai shafen magani, ina iyakarsa?

Assalamu alaikum. Tun da na yi bayani a fitowar da ta wuce kan ƙarfen da ake sa wa mai karaya, wasiƙu suka yi ta zuwa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: an sa ƙarfe ko roba a jikin mutum, ciwo ya biyo baya, ko kuma ana tsoron ya biyo. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa 24, acaɓa yake yi. Wata bakwai da suka wuce mota ta buge shi, ƙwaurinsa na dama ya karye har ƙashi ya huda fata. Muka kai shi wajen mai ɗori, ya kwana huɗu, da ƙafar ta fara wari muka tafi asibiti. Aka wanke, aka sa masa ƙarfe a cikin ƙashin. Yanzu akwai wani ɗan rami a wurin da ke fitar da mugunya. In ya sha magani sai ya ƙafe, bayan sati biyu ko uku ya dawo. Wani ɗan uwanmu mai aikin jinya a Jamus ya ce can akwai ƙarfe mai magani a jikinsa, ba ya kama ciwo. Shin ƙaramin ƙarfe aka sa wa ɗana? In na sayar da gona na nemo wancan, zai warke?
Wani uba daga Ƙauran Namoda

AMSA: Baba, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Ka riƙe gonarka. Ƙarfen da ɗan uwanku ya faɗa akwai shi, ba ƙarya ya yi ba, amma ba shi ne maganin abin da ke damun ɗanka a yau ba. Kuma a cikin bayaninka ban ga alamar an cuce ku ba. Ƙusar da muke zurawa cikin ɓargon ƙwauri, ta titaniyom ce ko ta ƙarfe marar tsatsa, irinta ake sa wa mafi yawan masu karaya a Jamus ɗin ma, ba tare da wani shafe ba. Ciwon ɗanka ya shiga ne tun ranar da ƙashi ya leƙo ya taɓa ƙasar titi, sannan ya samu kwana huɗu a ɗaure cikin tsumma yana cin karensa babu babbaka.

Bari in yi maka misali da abin da ke cikin gidanka. Randa in ta kwana biyu ba a wanke ba, sa hannu ka shafa cikinta, za ka ji wani santsi mai yauƙi. Ko sau goma ka zubar da ruwan ka zuba sabo, santsin yana nan, sai an sa soso an dirje. Ƙananan halittu ne suka manne a jikin randar suka gina wa kansu rufi. Haka ƙwayoyin cuta suke yi wa ƙarfe a cikin jiki. Cikin sa'o'i suke mannewa, cikin kwanaki su fara gini, cikin 'yan makonni ginin ya yi ƙwari. Ƙarfe ba shi da jijiyar jini, don haka sojojin jiki ba su da hanyar isa wurin yadda ya kamata. Ƙwayoyin da ke ƙarƙashin yauƙin kuma sukan yi lamo, su rage hayayyafa, alhali yawancin magungunanmu ƙwaya mai hayayyafa suka fi kashewa. An auna a ɗakin gwaji an ga suna iya jure ninki ɗari har zuwa dubu na maganin da zai kashe 'yan uwansu masu yawo a fili. To ka ga abin da ke faruwa da ɗanka: magani ya kashe waɗanda suka fito, ramin ya ƙafe, maganin ya ƙare, na cikin yauƙin su sake turo wasu.

Tun 1957 aka san cewa baƙon abu a cikin jiki yana ba ƙwayar cuta ƙarfi. Wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, sun yi gwaji a fatar mutanen da suka ba da kansu. Sai da suka sa ƙwayar staf, wadda ta fi kowace addabar ƙashi, sama da miliyan ɗaya kafin ƙurji ya tashi. Da suka haɗa ta da ɗan zaren ɗinki na siliki, ƙwaya kusan ɗari ta isa. Zare ke nan, balle ƙusa mai tsawon ƙwauri. A 1987 wani likitan ƙashi a Amurka, Anthony Gristina, ya ce abin tsere ne: da an sa ƙarfe, naman jiki da ƙwayar cuta suna rige-rigen kama wuri, wanda ya riga shi ke da gida.

Don wannan tseren aka ƙirƙiro ƙarfen da ɗan uwanku yake magana. Ana shafe ƙusar da wani siririn rufi mai narkewa a jiki, an gauraya shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna jentamaisin. Mafi yawan maganin yana fita ne a 'yan kwanakin farko, ya taru da yawa a daidai wurin ba tare da ya cika jini ya taɓa ƙoda ba. An daɗe ana amfani da ita a Turai, musamman ga irin karayar ɗanka. Karaya rufaffiya, wadda fata ba ta yage ba, mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ke kamuwa bayan an sa ƙarfe, amma a mummunar buɗaɗɗiyar karaya ta ƙwauri abin yana iya kaiwa kusan mutum ɗaya cikin uku. Da zan samu irin wannan ƙusa a hannu ranar da aka kawo min yaro daga titi, zan sa ta da farin ciki. Amma a wata na bakwai tseren ya daɗe da ƙarewa. In aka zura ta cikin ɓargon da ke da mataccen ƙashi, kwana kaɗan maganin zai ƙare, ita ma ta yi yauƙi kamar ta farko.

Abin da ɗanka yake buƙata ana yin sa a nan gida. A fara da hoto a ga ko ƙashin ya haɗe. In ya haɗe, aikin ya yi sauƙi: a zare ƙusar, a kankare cikin ɓargon, a cire duk ƙashin da ba ya jini, a wanke. In bai haɗe ba, bayan kankarewar sai an riƙe ƙafar da wani abu, ko ƙarfen waje da ke tsayawa a gefen ƙafa, ko ƙusar da muke haɗawa da hannunmu. A lokacin aikin za a ɗebi nama daga wurare uku zuwa biyar a can ciki a kai ɗakin gwaji a shuka, a ga wace ƙwaya ce kuma wane magani take ji. Gogar bakin ramin da auduga ba ya wadatarwa, ƙwayoyin fata yake kwasowa. In yaron ba ya zazzaɓi, likita zai iya ce masa ya tsayar da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta na kimanin sati biyu kafin aikin, don kada gwajin ya fito babu komai. Bayan aiki kuma akwai makonni na shan magani ko allura, galibi shida ko fiye.

Wannan ƙusa ta hannu da na ambata ita ce tamu ƙarfe mai shafen magani, kuma ina son ka san da ita don hankalinka ya kwanta. Akwai wani siminti na ƙashi da ke zuwa a ƙunshi mai nauyin giram 40. A 1970 wasu likitoci a Hambog ta Jamus, Buchholz da Engelbrecht, suka nuna cewa in an gauraya shi da magani, maganin yana tsatsowa a hankali bayan simintin ya bushe. Daga baya wani likita a Jamus, Klaus Klemm, ya mayar da shi 'yan duwatsu a jikin waya. Ni kaina na sha tsayawa a ɗakin tiyata ina kwaɓa garin da bankomaisin ko jentamaisin, ina mulmula shi ƙanana ina jerawa a waya, in ka gani sai ka ce carbi. Mu cusa carbin a ramin da muka kankare. In kuma ƙusa muke so, mu zuba kwaɓin a cikin tiyon roba, mu soka siririn ƙarfe a tsakiya, ya bushe, mu tsaga robar. Simintin yana ɗaukar zafi yayin bushewa, shi ya sa ba kowane magani ke jure shi ba. Kuma bayan wasu makonni sai an cire shi, domin in maganin ya ƙare shi ma ya zama baƙon abu.

Maganar masu ɗori kuwa, ban raina su ba. Akwai wani dattijo mai ɗori da muka shafe shekaru muna mutunci, duk wanda aka kai masa da ƙashi a waje, rufe wurin yake da tsumma mai tsabta ya ce a wuce asibiti, ba ya ko taɓawa. Shi ne ya fahimci abin. A Birtaniya ƙa'idarsu ita ce mai buɗaɗɗiyar karaya ya samu allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a ɗaya da yin rauni. Mu ko sa'a ɗayan ba ta samu ba, a yi ƙoƙari kada a kwana. A kuma daina fasa kafso ja da yalo ana barbaɗawa a ramin, Baba, ba ya kaiwa inda ciwon yake.

TAMBAYA: Likita, ni budurwa ce mai shekara 27, ina da sikila. Kan ƙashin ƙuguna na hagu ya mutu, an ce sai an sa na ƙarfe. Iyayena sun haɗa kuɗi za a kai ni Indiya. Wakilin da ke shirya tafiyar ya ce in muka ƙara kuɗi za a sa min mai ruwan azurfa, wanda ƙwayar cuta ba ta zama a kansa har abada. In ƙara?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: 'Yata, Allah ya sa a yi a sa'a. Kalmar "har abada" ita ta fara tsaya min a wasiƙarki, domin babu ƙarfen da aka taɓa ƙerawa da ya cancanci a faɗa masa haka.

Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne. Inda aka fi ganin amfaninta shi ne manyan ƙarafan da ake sa wa masu kansar ƙashi, waɗanda ake yanke wa rabin ƙashin cinya ko fiye, ga maganin kansar ya raunana musu jiki. A garin Munsta na Jamus, wani rahoto na 2010 ya nuna kamuwa ta sauko daga kashi 17.6 cikin ɗari zuwa 5.9 da aka koma ga mai ruwan azurfa. A Bamingam ta Ingila, rahoton 2015 ya nuna kashi 11.8 a masu azurfa, 22.4 a marasa ita. Ki lura da abu biyu. Ko da azurfar wasu sun kamu. Sannan waɗannan alƙaluma na marasa lafiyar da haɗarinsu ya kai mutum ɗaya cikin biyar ne, su kuwa masu sauyin ƙugu na yau da kullum ɗaya ne zuwa biyu cikin ɗari. Mai sikila ta fi haka haɗari, amma ba ta kai mai kansar ƙashi ba, kuma ƙarfenki ƙarami ne, ba irin nasu ba.

Akwai kuma abin da wakili ba zai gaya miki ba. Azurfar da ke cutar da ƙwayar cuta tana iya cutar da ƙwayoyin jikin mutum. Shi ya sa a waɗancan manyan ƙarafan ake kauce wa shafa ta a ɓangaren da ake so ƙashi ya kama. Ke kuwa a shekarunki yawancin likitoci sun fi son ƙugu marar siminti, wanda ƙashinki ne zai girma ya riƙe shi. Wasu masu azurfar fatarsu takan yi toka-toka a wurin aikin. Darasin da ya fi tsorata mu ya faru ne a aikin zuciya: kamfanin St. Jude Medical na Amurka ya fito da wani murfin zuciya na wucin gadi, mai buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya, mai suna Silzone, an shafa azurfa a zoben da ake ɗinkewa. A Janairun 2000 aka janye shi daga kasuwa, domin an ga jini yana zurarewa ta gefen ɗinkin fiye da yadda yake yi a marar azurfa. Niyya mai kyau ce, amma naman zuciya ya ƙi kama shi yadda ake so.

Ana gwada wasu hanyoyin. A Jami'ar Kanazawa ta Japan, Farfesa Hiroyuki Tsuchiya da abokan aikinsa sun ba da rahoton marasa lafiya 222 da aka sa wa titaniyom mai aidin a 2012. A Italiya akwai wani abu mai kauri kamar man kitso da likita ke gauraya wa magani ya shafa wa ƙarfe kafin ya sa, ya narke cikin kwana uku. Duk ci gaba ne, ina kuma bibiyarsu da sha'awa.

Shawarata, kada ki biya wakili kuɗin ƙarfe. Ki yi magana da likitan da zai yi aikin da kansa, ya faɗa miki sunan ƙarfen da kamfaninsa da dalilin zaɓensa, kuma bayan aiki a ba ki takardar da ke ɗauke da lambobinsa. Kuɗin da za ki ƙara ki kashe shi a kan shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kina da gyambo a idon sawu, kamar yadda masu sikila da yawa suke da shi, sai ya warke tukuna. A duba haƙoranki, a gwada fitsari. Likitan jini ya tsara yadda za a ƙara miki jini kafin aiki. Ki kuma san wanda zai riƙa duba ki in kin dawo, tun kafin ki hau jirgi. Na ga waɗanda suka dawo da rauni yana tsatsar ruwa suka zauna wata biyu suna jiran amsar saƙo daga can. In ciwo ya shiga sabon ƙugu aka gano cikin sati uku zuwa huɗu, sau da yawa ana iya buɗewa a wanke a bar ƙarfen. In aka wuce nan, galibi sai an cire shi ɗungurungum, a sa siminti mai magani, a jira, a sake sabon aiki. Don haka raunin da bai bushe ba bayan sati ɗaya, ko ya yi ja, ko ciwon da ya lafa ya dawo, ki je a gani ranar, ruwa ba ya tsami banza. Kafin ma a yanke tikiti, ki je a ji ta bakin likitocin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa da ke kusa da ke, ana yin wannan aikin a gida.

TAMBAYA: Likita, na ji ana cewa azurfa tana hana ruɓa. Amma a hadisin Arfajata ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya yi hanci na azurfa sai ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi na zinare. Yaya za a haɗa waɗannan biyun?
Wani malamin Islamiyya daga Maraɗi

AMSA: Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i, kuma abin da ya faru da Arfajata ya yi daidai da abin da muka sani game da ƙarafan biyu.

Zinare ƙarfe ne da ba ya cuɗanya da komai. Gumi, majina, iska, babu mai sauya shi. Azurfa ba haka take ba, duk mai zoben azurfa ya ga yadda yake dushewa ya yi baƙi. Wannan halin nata na sakin ɗan ɓurɓushi shi ne ke kashe ƙwayar cuta, shi ne kuma ke sa ta dafewa da damun nama. Curin azurfa da maƙeri ya buga kaɗan yake saki, kuma gishiri da furotin da ke cikin ruwan jiki suna kama wannan kaɗan ɗin su ɗaure shi. A kan rauni mai danshi kamar na hanci, abin da take saki ba zai isa ya hana wari ba. Masu ƙera kayan asibiti suna wahala ne wajen daidaita adadin da za ta saki: in ya yi kaɗan ƙwayar cuta ta zauna, in ya yi yawa naman mutum ya sha wuya.

Abin da aka nema a zinare, wato ƙarfen da jiki ba ya faɗa da shi, shi muke nema a titaniyom yau. Sai dai ƙarfen da ba ya faɗa da jiki ba ya faɗa da ƙwayar cuta ma, daga nan batun shafe ya samo asali. Hukuncin sa zinare ko azurfa don lalura kuwa fagenku ne, Malam, na bar muku.

TAMBAYA: Likita, jaririna ɗan wata biyar kansa yana ta girma, an ce ruwa ne, za a sa masa siririyar roba daga kai zuwa ciki. An ce akwai roba iri biyu, wata mai magani ta fi tsada. Tawa matsalar ba ta ƙashi ba ce, amma ka taimaka min.
Wata uwa daga Garwa, Kamaru

AMSA: 'Yar uwa, Allah ya raya shi. Aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne, maganarsu ce a gaba da tawa, amma hujjar da ke kan wannan roba a bayyane take, kuma amsata a nan ta bambanta da wadda na ba ɗalibar Zariya.

An yi babban gwaji a Birtaniya da Ayalan, aka wallafa shi a 2019. Marasa lafiya 1,605 aka raba ta hanyar ƙuri'a gida uku. Masu roba ta yau da kullum, kashi 6 cikin ɗari sai da aka sake musu aiki saboda ƙwayar cuta. Masu roba mai azurfa, kashi 6. Masu robar da aka jiƙa da magunguna biyu, rifampisin da kilindamaisin, kashi 2. Irin wannan gwaji na ƙuri'a shi ne ma'aunin da muka fi yarda da shi. Haka aka yi wa batirin zuciya, na'urar da ake dasawa don daidaita bugunta, a shekarar: an sa shi cikin wata 'yar jaka mai narkewa mai ɗauke da rifampisin da minosaikilin, a gwajin mutum kusan dubu bakwai, mummunar kamuwa ta sauko daga kashi 1.2 zuwa 0.7.

Saboda haka ki tambaya a fayyace miki, mai maganin da suke nufi wace ce. In mai magunguna biyun ce kuma kuna da hali, ta cancanci kuɗinta, musamman ga jariri, don jarirai sun fi manya kamuwa. In mai azurfa ce, gwajin bai nuna ta fi ta yau da kullum ba. In kuma ba hali, kada a jinkirta aikin ana neman kuɗi kai yana ƙara girma. Ko a wancan gwajin, 94 cikin ɗari na masu roba ta yau da kullum ba su kamu ba. Mai maganin ma tana iya toshewa kamar kowace. Yawancin kamuwa a watannin farko take zuwa, don haka zazzaɓi, amai, ƙin nono, yawan barci, maɗiga ta kumbura, ko ja a kan hanyar da robar ta bi a ƙarƙashin fata, ki koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Tunda na ambaci rifampisin, ina da roƙo ga masu kemis da ke karanta wannan fili. Wasu sun ji cewa yana ratsa yauƙin ƙwayar staf, gaskiya ne, shi ya sa muke haɗa shi da wani magani a ciwon ƙarfe. Amma in aka sha shi shi kaɗai, cikin ɗan lokaci ƙwayar take koyon jure masa, kuma shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka da muke fama da shi a ƙasashenmu. Binciken da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sun mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a kan gaba. Don Allah kada a sayar da shi ba da takardar likita ba.

TAMBAYA: Mahaifinmu ɗan shekara 76 yana da robar fitsari wata huɗu ke nan saboda kumburin mafitsara ta maza. Fitsarin yana yin gurɓi-gurɓi. Mu nemo masa roba mai azurfa?
Wani ɗan kasuwa daga Zangon Kumasi, Gana

AMSA: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri kan kula da tsoho. Ba sai kun nema ba. A wani gwaji na asibitoci 24 a Birtaniya da aka wallafa a 2012, kan mutum kusan dubu bakwai da aka sa wa roba ta 'yan kwanaki, mai azurfa ba ta rage ciwon fitsari ba. Kowace rana da roba ta yi a jiki, haɗarin ƙwaya ta shiga fitsari yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, don haka bayan wata guda kusan kowa yana da ita, kowace iri aka sa.

Gurɓin fitsari kaɗai, in babu zazzaɓi, ko ciwon mara da kwiɓi, ko ruɗewa, ba dalilin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta kasance ƙasa da mararsa koyaushe amma kada ta taɓa ƙasa, kada a riƙa raba ta da robar, a wanke hannu kafin a juye ta, ya sha ruwa sosai in likita bai hana ba, a kuma sauya robar a ranar da aka ba ku. Sannan ku kai Baba wajen likitan mafitsara ku tambaye shi kai tsaye ko magani ko aiki zai sa a cire robar baki ɗaya, don wata huɗu ya isa a yi wannan magana.